Itace Uku a Ƙarƙashin Kwano

Ɗakin da aka haife ni a ciki soro ne, a gidanmu na Kurugu ta ƙasar Karaye. Baba ne ya gina shi da hannunsa, don shi magini ne. Bangon ya kai kamu biyu a kauri. A sama azarar giginya ce, aka shimfiɗa zana, aka jibga ƙasa, aka shafe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Ko da tsakar rana a bazara ka shiga, sai ka ji kamar ka tsuguna a gindin randa. A kusurwa akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake hura wa mai jego wuta don kada sanyi ya shige ta. Duk matan gidanmu a kan gadon nan suka yi jego, kuma Gwaggo, yayar Baba, ita ta yi wa kowaccensu wanka. Tana da ma'auninta da ba ya canjawa: itace uku da hantsi, uku bayan azahar.

A zamanin Turawa ne, shekarun da gyada ta yi daraja. Yayana yana awon gyada a wani kanti a Karaye, hannunsa ya ɗan yi maiƙo. Sai gara ta ci azara biyu, soron ya fara yoyo. Baba ya ce a sauya biyun a sake yaɓe, aikin kwana uku ne. Yaya ya ce haba, ai an daina wannan wahala. Ya sa aka ɗoro kwano a kan jakuna, aka rushe rufin gaba ɗaya, kafinta ya kafa katako ya buga kwanon tsirara, babu komai tsakaninsa da kan mutum. Har daga Yola ta nan ƙasar Karaye mutane suka riƙa zuwa kallo, suna kare ido da hannu saboda ƙyalli. Baba kuwa ya juya abinsa. Ya koma turakarsa ta ƙasa da ke jikin zaure, ya bar su da kayansu.

Ni a lokacin ina aure a Jajaye, can ƙasar Rogo. Da cikina na fari ya tsufa aka maido ni gida haihuwa, kamar yadda ake yi. Innarmu ta riga mu gidan gaskiya, saboda haka a hannun Gwaggo na faɗo. Yaya ya ce ƙanwarsa ce za ta fara jego a ɗakin kwano. Ba zan yi ƙarya ba, na washe baki. Har na riƙa tunanin yadda zan ba matan Jajaye labari.

Na haihu a ƙarshen bazara, a kwanakin nan da hadari kan haɗu baƙi ƙirin ya watse ko ɗigo bai yi ba. Iska ta tsaya cik. Gumi ba ya bushewa, zani na manne wa mutum a baya. Namiji na haifa, ɗan mitsitsi, amma da muryarsa. Kwana biyun farko kukansa har zaure ake ji.

Sai na ɗan yi bayani saboda 'yan yanzu. A gidanmu ɗan fari abin kunya ne ga uwarsa. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in an raɗa suna ba ta kiransa da shi har ta mutu. Ko nono sai an miƙo shi an yi mata faɗa tukuna ta karɓa tana kau da kai. Kalmar "ɗana" kuwa, tabɗi! Wadda ta furta ta, ta bar wa danginta abin faɗa. Da wannan tarbiyya na tashi, kuma ina alfahari da ita.

Gwaggo ta yi komai yadda ta saba. Da asuba ta fyaɗe ni da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, ta ɗura mini kunun kanwa, ta kwantar da ni a gado. Ta cusa tsumma a 'yar tagar, ta saki asabari a ƙofa. Da hantsi ta tura itacenta uku. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, yanzu wuta biyu ce. Ta ƙasa tana gasa ni, ta sama tana saukowa daga kwano. Rana na ɗagawa sai ka ji kwanon yana ƙas-ƙas kamar ana taka shi. In na ɗaga hannu daga kwance sai na ji zafin na dukan tafina.

A rana ta huɗu kukan ya ragu. Tun asuba aka miƙo shi, ya kama nono ya saki. Aka sake miƙowa da hantsi, bai ko buɗe baki ba. Na saci kallonsa ta gefen ido. Jikinsa ya yi ja, ƙuraje sun feso masa a wuya. Tsumman da ke ƙarƙashinsa a bushe yake tun jiya, kuma ni kaɗai na lura, don ni ce nake lallaɓa hannu in taɓa in ba kowa.

Mata biyu 'yan barka suna zaune a bakin ƙofa, sun ƙi shigowa ciki, suna fifita da gefen gyale. Na yi ta juya maganar a bakina kafin na ce, "Gwaggo, wutar nan ba ta yi yawa ba?"

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da kika haihu shekaranjiya za ki koya mini wuta? Uku ne. Uku na sa wa uwarki a kan gadon nan."

"Ba don ni ba, Gwaggo. Abin nan ne."

"Wane abu?"

"Abin da ke kwance. Bai sha ba tun asuba."

'Yan barka suka tuntsire da dariya. Ɗaya ta ce, "Iye! Ji 'yar nema, har ta fara ƙirga masa sha." Na sunkuyar da kai, kunnuwana suka yi zafi. Wallahi a ranar na tsani dariya.

Gwaggo ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Ta ɗauke shi ta duba, fuskarta ta canja. Amma abu ɗaya ta sani yana kashe jariri, shi ne sanyi. Ta ce sanyi ne ya kama shi, ta ƙara naɗe shi da wani zani, ta ƙara danna tsumman taga, ta matso da shi can ƙuryar gado inda ya fi ɗumi. Aka kira azahar. Ina kallo ta sunkuya ta tura ukun rana. Ta ce za ta bayan gari ta samo masa saiwar jiƙo, 'yan barka suka bi ta suka tafi.

Aka bar ni da shi. Na warware zannuwan. Na ɗora yatsa a maɗigarsa, na ji ta loɓa kamar an danna ƙullu. Leɓunansa sun bushe sun manne. Na matsa nono a bakinsa, ya gangaro ta gefe. Numfashinsa na fita sama-sama, da sauri. Na kira Gwaggo sau biyu, shiru. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, sai kuma haushi ya biyo baya. Haushin kwano, haushin Yaya, haushin bakina da aka ɗinke. Na ce a raina, wato haka zan zauna ina kau da kai har ya ƙare, don a ce ina da kunya?

Na saɓa shi a kafaɗa na yaye asabari. Mai jego ba ta taka tsakar gida kafin suna, balle ta doshi zaure. Ƙasa na ƙona mini ƙafafu, na keta tsakar gida ko mayafi babu. Matar Yaya tana tankaɗe, ta saki rariya ta ce, "Inna lillahi! Ina za ki?" Na wuce abina.

A zaure Baba ne da Yaya da wasu dattawa biyu, sun idar da salla suna hutawa. Sanyin wurin ya dake ni a fuska, har na ji jiri. Dattawan suka kau da kai. Yaya ya miƙe ya ce, "Ke! Kin haukace ne?"

Na durƙusa a gaban Baba. Ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na iya magana. Na ce, "Baba, ɗana zai mutu. Ɗakin nan zai kashe mini ɗana."

Sau biyu na furta kalmar nan.

Baba yakan kira ni Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya miƙo hannu ya taɓa goshin yaron da bayan yatsunsa, ya ce, "Uwata, shiga da shi turaka." Ya tashi ya nufi cikin gida, ya shiga ɗakin jego, inda namiji ba ya shiga. Matar Yaya ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya ɗaga hannu ya taɓa kwanon ya janye da sauri, ya fito da itacen nan uku yana ci da wuta ya watsar a tsakar gida.

Daidai nan Gwaggo ta dawo da saiwarta. Ina jin muryarta daga turaka. "Wa ya taɓa mini wuta? Ina yarinyar? A fitar da ɗanyen jiki cikin iska? In ya mutu ba ruwana!"

Baba ya ce wa yayar tasa, "Yaya, wutarki daidai take. Ɗakin ne ba shi ba ne."

Bai tsaya jayayya ba. Ya sa aka yayyafa ruwa a daɓen turaka, aka jiƙa tsumma da ruwan da ba sanyi ƙarara ba, aka ba ni in riƙa goga wa yaron. Sannan ya aika maƙwabta a kawo duk zanar da ke jingine, da dammunan karan dawa, da tsohon bunun da aka sauke daga rumbu. Ya ce a hau a rufe kwanon.

Yaya ya ce, "Baba, bunu a kan kwano? Ai sai a yi mana dariya har Karaye."

"Su yi. Hau."

Ya hau kuwa, da rigarsa ta zuwa kanti. Ina jin ƙarar kara a kan kwano, ina jin Baba yana cewa a bi layi, a ɗaure, a danne da itace. Shi Baban kuma yana cikin ɗakin yana gicciya gora daga bango zuwa bango, yana shimfiɗa kara a kai, ya bar sarari tsakaninsa da kwano. Ya fasa ƙananan ramuka biyu can saman bango don zafin da ya taru ya samu hanyar fita. Duk wannan a kunnena kawai yake wucewa. Idona na kan bakin yaron. Ina tatsa a yatsa ina shafa masa a leɓe, ɗigo bayan ɗigo. Na farko ya zube. Na biyu ya zube. Ban san adadin da ya zube ba.

Gwaggo ta shigo ta tsaya a kaina. Na ɗauka faɗa za ta yi, na riga na shirya amsa, don a ranar ba wanda nake tsoro. Sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ta shafa bangon turaka da tafinta, ta daɗe tana shafawa. Can ta ce, ba da ni take ba, "Uku ne fa. Ban ƙara ko ɗaya ba." Ta karɓi tsumman daga hannuna ta ci gaba da goga masa ƙafa.

Ana kiran la'asar ya motsa harshe. Ya lashi yatsana. Na kai shi ƙirji, ya laluba, ya rasa, ya sake laluba, ya kama. Ja ɗaya ya yi, mai rauni, ya huta. Ya sake ja. Da na ji ya haɗiya sai na fashe da kuka, da ƙarfi, ina kallon fuskarsa ƙuri a gaban Gwaggo, ko a jikina. Kafin magariba ya jiƙa mini cinya, na yi ta nuna wa matar Yaya zanin kamar wata wawiya.

Baba ya leƙo, duk jikinsa ƙura da ɓurɓushin bunu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurari haɗiyar. Sai ya juya mini baya, ya fuskanci zaure inda dattawan nan suke zaune har lokacin, ya ce da ƙarfi yadda za su ji, "Ni dai ban ji kowa ya ce komai ba yau."

Kunyata yake ƙoƙarin maido mini, Allah ya jiƙansa. Na gode masa a zuci, amma ban karɓa ba. Na sunkuya a kunnen yaron na sake faɗa: ɗana.