Ranar Da Baƙuwar Council Ta Zo

Ginin na council ne, wato ƙaramar hukumar unguwarmu a nan ƙasar Turawa, tsohon gini mai jan bulo a bayan kasuwar Whitechapel, kuma ni aka ɗauka in kula da tsofaffinmu a cikinsa wajen ƙarshen shekarun tamanin. Council ke biyan wuta da gas da ɗan albashina, mu kuma mu buɗe da safe, mu dafa abincin rana, mu rufe bayan la'asar. A bene akwai ofishin da ake taimaka wa mutane kan maganar benefit, wato kuɗin tallafin gwamnati, da gidaje, ƙasa kuma zauren tsofaffi. Yawancinsu iyaye ne da 'ya'yansu suka ɗauko daga gida, aka ajiye su a flat kowa ya kama aikinsa. Sai wasu dattawan zango daga Ghana da suka yi aikin jirgin ruwa tun suna samari.

Ginin kam ya gaji. Rufi yana yoyo, da bokitai muke tarbar ruwa, injin ɗumama ɗaki kuwa sai an lallaɓa shi kamar jaki mai gardama. Amma wallahi a nan ake dariya.

Akwai wata tsohuwa Bakatsiniya da nake kira Inna. Ɗanta likita ne, ya sami aiki a wani gari mai nisa, ya kwashe matarsa da yara ya bar ta a flat can hawa na sama, wai kafin ya daidaita. Shekaru suka yi ta tafiya bai daidaita ba. Ba ta jin Turanci, ba ta san kowa a unguwarsu ba. In dai ba a zaurenmu ba, babu inda take buɗe baki ta yi magana da ɗan Adam.

Farkon shekarun casa'in council ta ce kuɗi sun yi ƙaranci, za a rufe wasu gidajen tsofaffi a sayar da gine-ginen. Za a turo ma'aikaciya ta zagaya ta ga inda ake da buƙata ta gaske. Na tara tsofaffinmu na yi musu bayani dalla-dalla.

"Iyayena, ku ji ni da kyau. Matar nan ba gaisuwa za ta kawo ba, wahala za ta zo gani. Mai ciwon ƙafa ya ce ƙafa na ciwo. Wanda ke kwana cikin sanyi ya faɗa. Wanda ba shi da kowa ya ce ba shi da kowa."

Suka gyaɗa kai. "To, 'yar nan, mun ji."

Mun ji ɗin ke nan! Ranar da za ta zo na iso na tarar sun riga ni, sun sa mai gadi ya buɗe musu. Bokitai sun ɓace. An aro darduma an shimfiɗa, an rufe bangon da ya yi baƙi da wani ƙaton zane, turaren wuta ya cika ko'ina. Maza cikin manyan riguna, mata sun zuba zinari. A kan tebur ga waina, ga dambun nama, ga soyayyun kaji, duk daga aljihunsu.

Na ce, "Inna lillahi! Wa ya sa ku wannan aiki?"

Babban cikin dattawan ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba, 'yata. Baƙuwa ta zo ta same mu a tsakiyar bokitai? Ai sai a ce ba mu san mutunci ba."

Kafin in fito da bokiti ko ɗaya sai ga ta ta shigo. Baturiya ce matashiya, kuma ban ga mugunta a tare da ita ba ko kaɗan. Ta zauna tana tambaya ina fassarawa. Gidan akwai sanyi? Alhamdu lillahi. Abinci yana isa? Har ya yi yawa. Jiki fa? Da sauƙi. Mutumin da jiya na kama shi ya hau matakala, yau shi ne ya miƙe tsaye ƙyam ya ba ta kujera.

Da ta zo kan Inna ta tambaya wa ke kula da ita, kuma in an rufe gidan yaya za ta yi. Inna ta gyara mayafi.

"Gaya mata ɗana likita ne, kullum yana zuwa duba ni. Nan ɗin ma ina leƙowa ne don kar a ce na ƙi jama'a."

Na fara gaya wa Baturiyar cewa ba haka abin yake ba. Ɗaya daga cikin dattawan jirgin ruwa, da yake suna jin Turanci sarai, ya katse ni. "A'a, faɗi abin da ta faɗa. Kar ki kunyata ta gaban baƙo." Na faɗa. Ta rubuta.

Har ƙunshin waina suka yi mata na tafiya. Na bi ta zuwa tashar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ina bayani. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta yarda da ni, amma daga bakinsu ta ji, kuma a wasu gidajen da ta je tsofaffi kuka suka yi mata, suka ja ta suka nuna mata kowane tsagin bango.

Kafin shekara ta ƙare aka sa wa ƙofar kwaɗo. Mun gwada haɗuwa a falona, bai ɗauke mu ba, kuma masu nisa ba su iya hawa da sauka a tube. A hankali kowa ya lafe a ɗakinsa. Ni ma na sami wani aiki can Abbey Wood, sai na daɗe ban shigo gari ba. Baƙin cikin rufe gidan nan har yau bai sake ni ba.

Da na samu na je wurin Inna, lif ɗinsu ya lalace, na hau da ƙafa ina haki. Ta rame. Ta dafa mini shayi, muka gaisa, sai abin da ke raina ya ƙi zama.

"Inna, don Allah me ya sa kika ce yana zuwa kullum?"

Ta ajiye kofinta. "'Yar nan, so kike Baturiya ta rubuta a takardar gwamnati cewa ɗan da na haifa ya yar da ni? Har su gani a wurin aikinsa?"

Duk faɗan da na ƙunso tun daga ƙasa sai ya bi ruwa. Na shanye shayin, na ce zan kama hanya kafin magariba. Na miƙe ke nan ta riƙe gefen zanena.

"Ɗan ƙara zama mana. Ba ki ji muryata ta dushe ba? Rabona da magana da mutum tun ƙaramar Sallah."

Lokacin kuwa har maniyyata sun fara tashi zuwa aikin Hajji.