Hannuna a Jirgin Kawu Sarzan

An sha wuya, kuma duk wanda ya ce maku ƙuruciyar zamaninmu hutu ce, to bai taɓa riƙe hauya da ciki wofi ba. Abin da na fi tunawa shi ne wata Juma'a a tsakiyar daminar 1960, 'yan kwanaki bayan an ce Anasara ya bar mamu ƙasa. Ina tsaye cikin tabkin garinmu, ruwa iya ƙirji, laka ta riƙe mani ƙafa, ina kallon akuyata tana nutsewa. Ba akuyar da kanta ba, ita tana can gidan wani tana tuƙa. Abin da ta zama ne ke nutsewa. Shekaruna ba su wuce sha ɗaya ba, kuma ita ke nan abin da na mallaka a duniya.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Tibiri da Gidan Sori. Gidanmu na kara ne, ɗakuna huɗu, rumbu biyu, da magarya a tsakar gida inda ake ɗaure dabbobi. Aikina bai ƙarewa. Da asuba in ja guga da yayyena, in yanko ciyawa, in bi Baba gona, in gero ya fara ido in hau rumfa ina kaɗa gwangwani ina zagin tsuntsaye har murya ta dishe. Lakol, wato makarantar boko, na yi shekara biyu kacal, abin da na tsira da shi ƙirge ne da tabon bulalar mushe, malamin lakol, a gadon baya. Wasanmu langa ne da kokawa a rairayi, sai motar kara da muke ƙerawa da ƙaya. Akuyar kuwa kakata ce ta ba ni, mahaifiyar Baba, ranar da na fito daga kaciya. Ja ce jawur, irin ta Maradi, mai sheƙin fata. Ita da kanta ta tufka mata igiyar kaba, ta kafa mata turke a gindin magarya, ta ce, “Maigidana, ga jarinka. Daga cikin wagga za a yi maka aure, in ka samu wadda ta fi ni.” Ni kuma in ce mata ai tsohuwa mai haƙori uku ba ta da wuyar fi. Haka muke da ita.

Kawu Sarzan ƙanin innata ne. Sojan Faransa ya yi, ya dawo da akwatin ƙarfe, da tari, da magana ɗaya wadda ba ya gajiya da ita. Ya ce ranar da za a maido su gida, a bakin teku can Marsai, an zuba su cikin wani baƙin jirgin ruwa kamar buhunan gyaɗa. Kusa da nasu kuwa akwai wani fari fat, hawa bisa hawa, ya fi gidan sarki girma, Anasaru na kwance bisa kujeru suna shan rana, ana kiɗa, ana kai masu abinci har inda suke. Ya tambayi wani baƙin mutum mai aikin jirgi ina waɗannan za su. Mutumin ya ce ba inda za su, za su zagaya ruwa ne su dawo inda suka tashi, kuma biya suke yi. Ya sake tambaya wane attajiri ke da shi. Aka ce mashi ba na mutum ɗaya ba ne, mutane ne da yawa kowa ya sa hannu da abin da ya sawwaƙa, in riba ta fito a raba. Yana da hoton jirgin a wata takarda da ta sha ninki har ta kusa rabewa. Dattawa in ya fara sai su ce sallah ta yi. Mu yara kuwa mu kewaye shi, mu koma mu fafe kara mu sa a kududdufi.

Da maganar mulkin kai ta yi ƙarfi sai Kawu ya ce lokaci ya yi. Tunda ƙasa za ta zama tamu, to shan iska ma ya zama namu. Ga tabki nan bayan gari, duk damina gulbi na cika shi. A sassaƙa jirgi, ranar Juma'a da ranar kasuwa a riƙa zagayawa da mutane, su biya. Ya bi gida gida. Wasu don kunya, wasu don kwaɗayi, aka samu masu sa hannu: sarkin fawa, mai shayi, liman ma ya ba da damin gero ya ce kada a faɗi sunanshi. Baba ya ƙi. Bai ɗaga murya ba, yana gyaran ƙotar hauya ya ce, “Sarzan, sa'ad da tabki ke da ruwa, kowa na gona, ba mai ko tamma. Sa'ad da aka sai da gyaɗa aka samu kuɗi, tabki ya ƙafe. Wa za ka ɗauka, kwaɗi?” Gaskiya ya faɗa. Na ji ta da kunnena, amma ba ta shige ni ba. Ni farin jirgin nan kawai nake gani.

Na je wurin kakata na ce zan sa akuyata. Ta ci gaba da kaɗinta. Can ta ce, “Taka ce, ban ba ka don in amshe ba. Amma ka ji da kyau, maigida. In ka dawo mani da igiya ba akuya, na sake ka, kuma kada in ga ƙafarka ɗakina neman fura.” Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Masassaƙin garinmu sunanshi Ɗan Tambai. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, duk shi ne, kuma ba a taɓa maido mashi da aiki ba. Amma tun da uwarshi ta haife shi bai taɓa ganin jirgi ba. Kawu ya nuna mashi hoton, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi bai ga itace a nan ba. Kawu ya gaji da bayani ya ce, “Ka san kwami? To kamar kwami, amma babba.” Kwami shi ne wanda ake zuba wa dabbobi ruwa a bakin rijiya. Ɗan Tambai ya ce ai da ka faɗi haka tun ɗazu. A nan aka yi kuskuren, kuma ba wanda ya lura. Mutumin da aka ce ya yi kwami, zai nemi itacen da ruwa ba ya ci, shanu ba su fasawa. Ya shiga daji ya kayar da wata tsohuwar ƙirya, itacen turmi, mai nauyin dutse. Ya bar mata gindi mai kauri da baki mai kauri, don kada sa ya ture ta. Kawu kuma ƙarfe ya sani, bai san itace ba. Ya buga ta da sanda ya ji ta gum, ya ce haka ake so, jirgin ƙwarai nauyi gare shi. Ladan Ɗan Tambai kuwa akuyata ce. Ni na ja ta har gidanshi, na kwance igiyar na dawo da ita na rataya a turke. Kafin ya gama aikin ta haifa mashi tagwaye. Kullum in na bi ta ƙofar gidan sai in kau da kai.

Tunda ba mai iya rubutu, Kawu ya sa aka kwaɓa jar ƙasa, duk mai rabo ya tsoma tafinshi ya manna a jikin jirgin. Ya ce wannan ita ce takardarmu, wanda hannunshi ke jiki shi ke da jirgi. Manyan hannuwa suka jeru daga gaba. Nawa ƙarami, can wajen wutsiya. Ban taɓa jin na zama mutum kamar ranar nan ba.

Ranar Juma'ar bayan an sauko masallaci, aka ja jirgin bisa gumagumai har bakin tabki, samari na waƙa, mata na guɗa daga nesa. Kawu ya sa kakinshi da lambobinshi. Aka tura shi cikin ruwa, ya tsaya, amma bakinshi da ruwa bai fi yatsu huɗu ba. Kawu ya shiga da gora a hannu. Ya ce masu hannu su fara, kyauta. Manya suka shiga kallon juna, ni na yi tsalle na shige. Sai sarkin fawa, wanda ciki ya yi mashi yawa, ya ce ba za a ce yaro ya fi shi zuciya ba, shi ma ya shigo. Kawu ya dogara gora sau ɗaya, sau biyu, muka rabu da gaɓa. Wallahi na ɗan lokacin nan na ji abin da Anasaru ke biya. Gari ya ja baya, iska ta taɓa ni, ba hauya, ba mushe, ba mai aike na. Sai sarkin fawa ya juya don ya ɗaga wa matanshi hannu. Ruwa ya shigo ta baki ɗaya shiru, ba ko ƙara, kamar dama wurinshi ne. Jirgin bai kife ba. Cika ya yi, ya sauka ƙasa a hankali da mu a ciki.

Ba wanda ya mutu, wurin ba zurfi. Dariya ce ta kusa kashe mutane. Hular Kawu na yawo bisa ruwa, sarkin fawa na kiran sunan uwarshi. A gefe akwai wani Bafillace, Jaɓɓo, da ke kawo shanu tabkin. Shi bai yi dariya ba. Ya dogara sandarshi yana girgiza kai, na ji ya ce, “Kai, Haɓe! Kwami mai kyau haka ake kai wa ruwa? Mu ruwa muke kai wa kwami.” Ba wanda ya kula da shi. Ni na ji, kuma maganar ta zauna mani.

Bayan la'asar aka taru gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Ba a yi faɗa ba, kunya ta hana. Mai shayi ya fara, ya ce shi ya cire hannunshi, kada a ƙara kiran sunanshi da na jirgi. Sarkin fawa ya ce shi ya cire hannu da ƙafa. Haka aka bi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ne na ƙarshe, yana zaune da jiƙaƙƙen kaki, takardar hotonshi ta narke a aljihu. Ya ce ai ruwa ma ya riga ya wanke hannuwan, shi ma ya cire, a yafe mashi. Mai gari ya ce to shi ke nan, magana ta mutu. Ni ina can baya inda yara ke tsayawa, na ce, “Ni ban cire ba.” Baba ya daka mani tsawa. Mai gari ya hana shi, ya ce in matso in sake faɗi. Na sake faɗi. Ya dubi jama'a yana danne dariya ya ce, “Kun ji. Kowa ya cire sai wanga. To jirgi naka ne, Mai Jirgi, kai da kwaɗinka.” Sunan da ya bi ni ke nan har yau, 'ya'yana ma wasu ba su san sunana na yanka ba. Da na koma gida na tarar kakata ta saki asabarin ɗakinta. Na yi sallama sau uku. Ta ce maigidan nan ya yi tafiya, ba ta san ranar dawowarshi ba.

Sai da tabki ya ƙafe cikin rani muka tono jirgin, Jaɓɓo ya kawo takarkari biyu aka ja shi bakin rijiya. Muka shirya, ya zama kwami, shanunshi su sha a ciki, ni in riƙa tsarewa ina wankewa ina taya jan ruwa. Rani biyu na yi ina wannan, hannuwana suka tsage, kafin ya ba ni 'yar akuya. Ba ja ba ce, wata kyalla ce mai gajeren kunne. Kakata ta duba ta sama da ƙasa ta ce mummuna ce kamar mai ita, sa'an nan ta ɗauko ƙwarya ta dama mani fura. Daga zuriyar kyallar nan aka yi mani aure. Kawu bai ƙara maganar teku ba har ya rasu, amma yakan zo bakin rijiya ya zauna a bakin kwamin yana kallon shanu na sha.

Yanzu rijiya ta siminti ce, kwaminta ma siminti, tabkin kuma an nome shi, yara ba su yarda an taɓa yin ruwa iya ƙirji a wurin ba. Kwanan baya a tashar Maradi na ga irin jirgin Kawu a telbijin, ya ma fi yadda ya faɗa. Ɗana da ya yi lakol ya shiga yi mani bayani, wai mutane na sayen hannun jari a irinsu, wasu su samu, wasu su nutse. Na ce mashi na sani, na saya tun ba a haifi uwarka ba. Ya ɗauka wasa nake. Ban ja ba. Waɗanda za su shaide ni duk suna ƙasa, kuma su nake so in ba labarin, ba shi ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ban san haka za ta kasance ba, abin da na sani kawai laka na haɗiye abin da aka bar mata. Washegari, kafin Baba ya neme ni gona, na ciro igiyar akuyata daga gindin magarya, na tumɓuke turken na saɓa. Na shiga tabkin ina lalube da ƙafa har na taka bakin jirgin. Na nutsa na ɗaura mashi igiyar, na kafa turken a gaɓa, na buga shi da dutse har ya zauna. Sa'an nan na ɗauki hauyata na bi Baba.