Sandar Da Baffa Ya Raba Uku

Har gobe ban manta da ranar da wata mata ta shigo shagonmu na Ardwick a Manchester da guntun sanda naɗe a cikin atamfa ba. Lokacin ban cika shekara da fara aiki ba, ina matsayin mai karɓar kaya, wato ni ce ta bakin ƙofa. Ku da kuka shigo aikin a bayana kuna ta tambaya me ya sa nake wa kwastoma tambayar danginsa kafin in taɓa kayansa. To ga dalilin, kuma ba zan maimaita ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, sandunan sunuka, wasan nan na zungurar ƙwallaye a kan tebur, muke saya muna sayarwa. Turawa suna bambanta wasannin, mu a Kano duk sunuka muke cewa. Akwai sandar kanti, wadda in ta tsufa sai shara. Akwai kuma wadda masassaƙi ɗaya ya zauna ya yi da hannunsa, ya dasa mata azurfa da baƙin itace, ya sa sunansa. Irin wannan in masassaƙin ya mutu sai farashinta ya tashi, Allah ya kyauta. Ana kwance ta daga tsakiya. Ɓangaren baya mai kauri shi muke kira mariƙi, kuma a nan adon da kuɗin suke. Siririn gaba shi ne tsini. Sanda mai daraja da tsini biyu take zuwa, in ɗaya ya samu matsala a ɗaura ɗaya. Ku riƙe wannan: mariƙi ɗaya, tsini biyu.

Matar sunanta Rabi, ta girme ni da kaɗan, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta warware atamfar, na ga mariƙi. Na kira mai shagon, Baba Issaka, mutumin Kumasi, wanda shi kaɗai ke da ikon yanke farashi. Ya sa tabarau, ya juya abin, ya leƙa sunan masassaƙin, sai ya nemi kujera ya zauna.

"'Yata, ina sauran?"

"Suna Birmingham, Baba. Gado ne."

Mahaifinsu injiniya ne, ya sayi sandar tun yana saurayi, ya ajiye ta a saman kabad. Ya rasu, matarsa ta riga shi, magada biyu ne kacal: Rabi da yayanta Nasiru. Ƙanin mahaifin, Baffa, ya zo daga gida don rabon gado. Duk abin da yake kuɗi ne ya raba daidai. Da aka buɗe akwatin sandar ya ga guda uku a kwance, sai ya yi kabbara, ya ce shi bai taɓa ganin kayan da ya zo a rabe da kansa ba. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Ya duba waɗanda suka yi kama da juna ya miƙa wa Nasiru, ya miƙa wa Rabi mai kaurin.

Na ce, "Anti, ba wanda ya ce a tambayi farashi tukuna?"

Ta ce, "Wa zai yi wa Baffa gyara a gaban mutane?"

Tsarinmu a shagon shi ne a auna nauyi, a ɗauki hoto, a aika wa masu tara irin waɗannan sandunan. Kafin la'asar wani tsohon Bature ya bugo waya. In cikakkiya ce zai biya fam dubu huɗu da rabi. In mariƙin ne kaɗai, dubu uku. Zai zo ranar Asabar.

Ni ba na iya ɓoye magana. Na ja Rabi gefe na ce, "Ki sayar da naki yau, dubu uku duk naki. In aka haɗa aka sake rabo, rabin haka za ki samu. Ko a sakandare ba a faɗuwa wannan lissafin."

Sai ta ce a haɗa take so. Ashe tun ranar rabon Nasiru bai ƙara ɗaukar wayarta ba, don ta faɗa masa a gaban surukansa cewa bai zo asibiti ba sai da aka rufe fuskar mahaifinsu. Ya rantse ba shi ba Manchester. Ga aurenta saura wata guda, kuma shi ne waliyyinta.

Na ce, "To Baffa ya ba da ke mana."

"Baffan da ya raba sanda da ƙirge? Ya haɗa ni da wanda ya ga mun yi kama?"

Baba Issaka ya yi dariya har ya ƙware. Da ya dawo daidai ya ce in hau jirgin ƙasa ranar Asabar da sassafe, in je in duba tsinin nan biyu. Na ce ba aikina ba ne shiga rigimar gida. Ya ce duba kaya aikina ne, kuma shi zai biya tikiti.

Nasiru direban tasi ne, yana zaune a unguwar Selly Oak ta Birmingham, a wani gida da ɗalibai suka kewaye ta kowane gefe. Matarsa ta buɗe min, ta kai ni falo. Na gaishe shi, na ce daga shagon sanduna nake, na zo ganin tsini biyu na gado.

Ya ce, "Ita ta aiko ki?"

"Oga ne ya aiko ni, Yallaɓai. Suna ina?"

Ya nuna sama da haɓa. Na ɗaga kai. Taga biyu ce a falon, kowacce da labulenta, kuma kowane labule a jikin tsini yake rataye. Ya buga ƙusoshi ya ɗora su, daidai saman hita. Har ya fara yabon kansa, wai tsawon ya zo cif kamar an auna.

Na ji raina ya ɓaci, don ko ba nawa ba ne, itace ne da wani ya ɓata watanni yana busarwa. Na ce, "Yallaɓai, ka san nawa ne abin da ka rataya wa labule?"

Ya gyara zama. "Faɗi. Biyu ne fa."

"Su kaɗai, da ƙyar su cika maka tanki sau biyu. Nata kuwa an taya dubu uku."

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Ya ce, "Nata guda ɗaya?"

"Guda ɗaya."

"Ni namiji, mai kashi biyu?"

"Kashi biyu na sandar labule."

Mutumin nan ya miƙe, ya hau kujera da safa, ya fizgo tsinin farko, labule ya faɗo masa a ka. Daga cikin labulen yake faɗa: an cuce shi, an haɗa baki da Baffa, yau sai an sake rabo. Matar ta ce, "Abban Sadik, rantsuwar fa?" Ya ce zai yi kaffara, ta miƙo masa makulli. Ɗaliban gidan da ke kallonsu suka tsaya a titi suna leƙen falon da ya koma tsirara.

A tasinsa muka taho, ina baya rungume da tsini biyu. Tun daga Bristol Road har Manchester bai rufe baki ba. Da muka tsaya ya kalli mita, na ce ko da wasa kada ya fara.

Mun samu Baturen ya iso, Rabi na zaune a gefe ta sha kwalliya kamar mai zuwa suna. Ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Ya ce, "Ba wajenki na zo ba, wajen haƙƙina na zo."

Mataki na ƙarshe a aikinmu shi ne gwajin tebur. Ana kwantar da tsini a kan shimfiɗar teburin a mirgina shi. Miƙaƙƙe zai tafi sumul. Baba Issaka ya tura na farko, ya tafi yana ɗingishi, bakinsa na ɗagawa yana sauka. Na biyu ma ko tafiya bai yi ba, ya juya sau ɗaya ya dawo ya kwanta. Zafin hita da nauyin labule sun lanƙwasa su. Baturen ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar an wuce da gawa. Ya tambaya wane ne ya yi wannan aikin. Duk muka kalli rufi. Ya ce zai ɗauki mariƙin a dubu uku, tsinin kuwa a bar su, ba ya son matarsa ta gan su.

Nasiru ya ce a kira malami. Baba Issaka ya bugo wa wani limami da ya sani, ya buɗe murya kowa na ji. Liman ya saurara, ya tambaya sau biyu ko da gaske ne, sannan ya ce ba a raba irin wannan da ƙirge. A sayar, a raba kuɗin: biyu nasa, ɗaya nata. Batun lanƙwasar kuwa, in ta yafe shi ke nan.

Ta ce ta yafe tun kafin ya rufe baki.

Na matsa kusa da ita na ce, "Dubu ɗaya. Da kin ji maganata..." Ta taka min ƙafa da tsinin takalminta, har yau akwai alama.

Shi kuwa da aka ce nasa ne kaso mai yawa, sai faɗan ya ƙare masa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tsaya yana shafa tsinin da ya lalata. Rabi ta ce, "Yaya, tunda ka zo, akwai wanda ke son gaishe ka." Ta leƙa ƙofa ta ɗaga hannu. Wani dogon mutum cikin babbar riga ya fito daga motar da tun isowarmu nake jin Baba Issaka na ƙorafin ta tare mana gaba. Ya shigo ya durƙusa tsakanin tebura.

Nasiru ya kalle shi, ya kalli ƙanwarsa. "Wa kuka shirya zai ba da ke?"

"Baffa ya ce zai zo."

"Baffa!" Har Baturen ya firgita. "Ina raye?"

Sai a lokacin na gane ba duba kaya aka tura ni Birmingham ba. Ta san ba na iya riƙe bakina, ta san yayanta, Baba Issaka kuma ya sani ya biya tikiti.

An ɗaura auren, shi ya ba da ita. Na je kai amarya Whalley Range, na tarar da taga biyu a falonta, kowacce da labule a jikin lanƙwasasshen tsini. Gudummawar Yaya ce, shi ya zo ya buga ƙusoshin da kansa.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, farashin da ke bakinmu na masu saye ne. Mai sayarwa sau da yawa da nasa lissafin yake shigowa, kuma ba zai nuna muku ba. Don haka in kuka ga mutum da rabin sanda, kada ku yi saurin ɗora ta a sikeli. Ku tambaye shi wa ke riƙe da sauran, kuma yaushe rabon da su gaisa. Sannan ku janye ƙafarku daga kusa da takalminsa.