Latas ɗin Hureira

Duk matan Hausawan Sri Petaling sun san barandar Hureira a hawa na sha ɗaya. 'Yar mai lambu ce daga Kadawa, aure ya kawo ta Kuala Lumpur. A cikin akwatin da wasu ke cikawa da atamfa, ita ƙullin irin yakuwa ta cusa, wanda babanta ya zaɓa mata da hannunsa. Ta shuka a robobin fenti, ta ƙara da rama da alayyafo, har ya zama mace in ta yi kwaɗayin miyar gida sai ta hau lif ta zo.

Baban ya rasu a farkon annoba, ana kulle, ba jirgi. Ta yi kukanta a barandar. Tushe uku na yakuwa suka rage daga irinsa, kuma su take lallaɓawa su yi 'ya'ya ta sami na ajiyewa.

Mijinta Zahraddeen digiri na uku yake yi a fannin noma. Bai gama ba, amma Dakta yake so a kira shi, ko a gida. Mutum ne da bai taɓa raya ko albasa ba, ga shi kuma yana jin zafin yadda ake yabon hannun matarsa. Da karatu ya koma ta kwamfuta sai ya ce falo ya yi masa kaɗan, baranda yake so ya sa tebur. Ta ce ya yi haƙuri yakuwa ta nuna.

Wata rana saƙon da ya sayo ya iso, fakiti uku na iri. Latas ne na Turai mai ƙananan ganye, wai latas ɗin rago: ɗaya mai faɗin ganye, ɗaya mai lanƙwasa kamar cokali, ɗaya gajere mai duhun kore.

"Zaɓi ɗaya," in ji shi. "Wata biyu. In ya yi, baranda taki ce. In bai yi ba, kin san noman naki sa'a ce kawai. Boleh?"

"Boleh, Dakta," ta ce, wato ta yarda da yaren 'yan ƙasar.

Ya sani sarai wannan latas ba ya tsira a zafi. Abin da ya karanta ke nan. Shi ya sa yake murmushi yana kallonta tana zuba irin a ruwa tana kwashe masu tasowa, tana ciza ɗaya-ɗaya kamar yadda babanta ke yi. Ta zaɓi mai faɗin ganye, don ƙwayarsa ta fi cika. Mako biyu da shukawa, ko ƙyallin tsiro babu.

Hureira ba ta jin Turancin da ke bayan fakitin, amma tana da ido. Matar da ke hoton da hular ulu take. Latas kuma, ko a Kadawa, amfanin lokacin sanyi ne. Ta gane abin da aka yi mata, ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ɗauki gajeren mai duhun kore, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta sa a firji. Da ya tsaga ta shuka a tsohuwar tasa, ta ajiye bayan labulen tagar ɗaki inda na'urar sanyi ke bugawa, safe da yamma tana jera ƙanƙara a gefensa. Zahraddeen yana kwana a ɗakin, bai taɓa ɗaga labulen ba.

Saura kwana tara wa'adi ya cika aka kira ta allurar rigakafi a Bukit Jalil. Ta dawo da la'asar, hannu na zugi. Barandar fes, an share har an goge, tebur da kujera a tsakiya.

"Ina yakuwata?"

"Masu shara sun kwashe. Kwana tara me zai canza? Na hutar da ke ne, lah," in ji Zahraddeen, da salon maganar 'yan ƙasar.

Ta sauka har ɗakin shara na ƙasa. Mai gadi ya ce mota ta zo tun azahar. 'Ya'yan yakuwar ko ja ba su gama yi ba.

Ta hau, ta shiga ɗaki ta ɗauko tasar ta ajiye masa a kan tebur. Ganye ya cika ta, kore shar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tsinki ɗaya ya tauna.

"Lami ne ma," ya ce. "Ke wai da gaske kika ɗauki maganar? Ɗauke, zan shiga aji."

Kwana huɗu ya yi a barandar. Ran na biyar ya kwaso kwamfutarsa ya dawo falo, yana fifita da littafi, wai wurin ya cika zafi, ba ya zaunuwa.

Matan unguwa sun yi ta kawo mata iri bayan an buɗe gari, na kedai, wato shago, da na saƙo daga gida. Tana karɓa ta yi godiya ta zuba a gwangwani. Teburin yana nan a baranda, rana ta kwaɓe fentinsa. Tasar ma tana kai, inda ta mayar da ita ranar da ya dawo falo. Latas ɗin bai kai washegari da yamma ba.