Bencin da Inna Take Zama

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, shi ya sa har ta bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", ko ta aiko ƙanwata. Ciwo kuwa, ko kanta zai tsage ba za ta gaya mini ba. Wai kunya. Ga ta da hawan jini, ga ni ma'aikaciyar jinya, kuma gida ɗaya muke kwana.

Lokacin ina aiki a ƙaramin gidan likita na garinmu, Jiratawa, mun samu dabara, ba tare da mun taɓa yin zancenta ba. Ranar awon tansiyo, wato hawan jini, mata sukan jeru a kan dogon benci. Sai Inna ta taso daga garka da ƙullin zogale, wai ta kawo wa ma'aikata, ta samu gefe ta zauna. Ni kuma in bi layi ina ɗaura wa kowa abin awo. In na zo kanta sai ta miƙo hannu tana kallon bango, ni ina kallon allurar awo.

"Baiwar Allah, ina ke ciwo?" Haka nake tambayar kowa.

A nan kaɗai take amsawa. Ta ce jiri, ta ce ƙafa na kumbura. In ba ta magani, ta yi godiya kamar baƙuwa, ta tafi.

Sai na tafi Yamai ƙaro karatu, don na gaji da ganin yaran da na koya wa riƙe allura suna zama shugabannina. Na dawo da lisansi, wato digiri, kuma ba zan yi ƙarya ba, ƙofofi sun buɗe. Aka ce ko in koyar a makarantar jinya, ko in shiga biro, wato ofis, a Maraɗi ina duba aikin gidajen likitan karkara. Na ɗauki biro, na kama haya a unguwar Zariya. Barka har ta ishe ni. Kowa sai ya ce, "Tsohuwa ta huta, 'yarta ta zama babba."

Ina hutun yake? Biro ba shi da benci.

Sau ɗaya Inna ta zo biro da zogalenta. Mai gadi ya shigo da ita har gabana, ya ja mata kujera mai laushi. Daga ni sai ita, ba wasu mata da za ta ɓuya a cikinsu. Na lura tana dafe gefen ƙirjinta. Na ce, "Inna, ina ke ciwo?"

Ta ja mayafi, ta ce, "Lafiya lau. Ya aikin?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na bi ta gida da abin awo a jaka, ta shige ɗaki wai za ta yi salla. Na roƙi wadda ta gaje ni a Jiratawa ta duba ta, Inna ta ƙi zuwa. Ta gaya wa ƙanwata cewa in aka gan ta a layin wata, za a ce 'yarta ba ta iya ba. To ina zan sa kaina? Na nemi a mayar da ni garinmu, aka ce mai lisansi ba a ɓata shi a ƙaramin wuri.

Cikin damina ta rasu. Goggona ta Tibiri, wadda ta yi mata wanka, ita ta ja ni bayan rumbu ta ce, "'Yar nan, miki ne a ƙarƙashin nononta, ya ci wuri. Da tsumma take ɗaure shi." Irin mikin da na wanke wa matan mutane ba adadi. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, har goggo ta gaji da ba ni haƙuri.

Har yanzu aiki yakan kai ni Jiratawa cikin motar biro. Bencin yana nan, mata suna jere. Ba aikina ba ne yanzu, amma nakan karɓi abin awon in bi layi. In na zo gefen da Inna take zama, tambayar ba ta fitowa daga bakina.