Sunayen Cikin Gwangwani

Ƙanena soja ne, amma tun kafin ya sa kaki yake fama da wata cuta da ta hana mu sakat a gida, wato godiya. Idan direba ya wuce da shi inda zai sauka, sai ya gode masa da ya tsaya daga baya. Ranar da likita ya cire masa haƙori mai lafiya ya bar mai ciwon, da kunnena na ji shi yana cewa, “Na gode, likita, sannu da aiki.” Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce yaron nan ko ɓarawo ne ya shigo zai raka shi bakin ƙofa ya ce a gaida gida. Ni ce babba, ni na goye shi, don haka ina da bakin faɗa.

Duk unguwa Kofur ake kiransa. Shekararsa goma sha biyu a aiki, biyun ƙarshe a bakin daga, can inda waya ba ta shiga sai mutum ya hau tudu. Matarsa tela ce, Amarya muke ce mata har yau, ko da yake amarcin ya shekara tara. Sun gama magana tsakaninsu cewa da zarar wa’adinsa ya cika a ƙarshen shekara, zai ajiye kaki ya dawo gida. Amarya har ta share rabin shagonta, ta ce nan zai kafa benci ya riƙa gyaran takalma. Sana’ar da ya koya ke nan yana ƙarami, a wurin wani tsoho da ke zama jikin katangar makaranta, wanda kowa ke kira Baba Mai Takalma.

Daga wata waya abin ya samo asali. Wata uku da tafiyarsa ya kira, ina zaune a shagon. Ya ce abokan aikinsa ana aiko musu da ƙunshi daga garuruwansu, sabulu da safa da batirin tocila. Sannan ya tambaya a hankali, “Mutanen unguwa suna tambayata kuwa?”

Amarya ta ce, “Kullum.”

Ƙarya ce, ko kare bai taɓa tambaya ba. Amma ta riga ta faɗa, don haka washegari muka ɗauki jaka muka bi gida-gida. Mai kanti ya ce mu dawo gobe. Ciyaman na ƙungiyar unguwa ya ce zai kai maganar taro, taron da har yau bai zauna ba. Matar kafinta ta kalle mu sama da ƙasa ta ce, “Au, gwamnati ba ta biyan su ne?” Gida goma sha tara muka shiga. Abin da muka fito da shi tsohon burushi ne guda, wanda Baba Mai Takalma ya zaro daga akwatinsa ya goge a jikin rigarsa ya ce a kai wa yaronsa.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na yi aikin magatakarda shekara ashirin, ina iya sauya hannu yadda na ga dama. Na zauna na yanka ’yan takardu masu yawa, na rubuta sunayen maƙwabta, kowane suna sau biyu ko uku, wani a karkace, wani manya-manya kamar rubutun mai kanti. Muka zuba su a gwangwanin madara. Duk farkon wata, kafin motar bariki ta tashi, Amarya ta sayo kaya da guminta, ta rufe ido ta sa hannu a gwangwani, sunan da ya fito ta liƙa shi a kan sabulu ko safa. Wai ba ta son ta nuna bambanci tsakanin maƙwabta. Wata ashirin muna haka.

Sai ga shi an ba shi hutun kwana goma sha huɗu. Ranar da ya sauka unguwa ta cika, waɗanda suka rufe mana ƙofa su ne a gaba wajen ɗaukar hoto da kaki. Da aka watse ya ci abinci, ya zaro wani ƙaramin littafi daga aljihun gaba, duk ya sha zufa gefensa ya nannaɗe. Ashe duk abin da ya isa hannunsa sai ya rubuta sunan mai shi da ranar da ya zo. Ya riƙa karanto mana, yana dariya. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ya ce, “Kowa ya aiko, Yaya, ban da ke da matata. Ku dai kun ji kunya.”

Amarya ta yi dariya tare da shi. Ni na tashi na ce zan ɗebo ruwa.

Washegari ya goge takalmi ya ce zai bi kowa har gida ya yi godiya. Na bi shi, na shirya wa kunya tsaf, don na tabbata a ƙofar farko asirinmu zai tonu. Mai kanti muka fara samu yana auna sukari. Kofur ya ƙame ya sara masa, ya buɗe littafi ya ce, “Sabulu uku da man shafawa. Ranar da suka zo mun yi sati biyu ba mu ga sabulu ba. Na gode.”

Mai kanti ya kalle ni, na kalle shi. Ya san komai, ya tuna ranar da ya ce mu dawo gobe. Sai ya ajiye mudu ya ce, “Haba Kofur, don ɗan sabulu za ka tako har nan? Ai ni da kaina na zaɓo mai kyan.”

Haka aka yi ta yi. Matar kafinta ta share hawaye da gefen mayafi ta ce safar ba ta kai yadda ta so ba. Mai aski ya ce ya so ya haɗa da reza, mantuwa ce. Ciyaman kuwa sai da ya sa aka fito da kujeru, ya yi jawabi a kan yadda unguwar nan ba ta taɓa barin nata. Ba wanda ya ce, “Kofur, ba ni ba ne.” Ko mutum ɗaya. Da farko na ji sanyi a raina, daga baya sai na ji ƙyama, don na ga yadda suke karɓar godiyar da hannu bibbiyu kamar kayan da suka ba da ajiya.

Sunan Baba Mai Takalma sau biyu ya fito a littafin, burushi a watan farko, da gwangwanin man takalmi wata uku da suka wuce. Tun daren da ya karanto na biyun na gane mun yi kuskure. Tsohon ya kwanta rashin lafiya, ’yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a wancan gefen gari, can ya rasu wata bakwai kafin hutun. Ba mu gaya wa Kofur ba, don matan sojoji suna da ƙa’ida, ba a ba mutumin da ke riƙe da bindiga labarin mutuwa ta waya. Kuma ba wadda ta tuna a cikinmu ta cire sunansa daga gwangwani. Duk lokacin da ya ce zai je wurin Baba, sai Amarya ta ce ai ya koma wurin ’yarsa, da nisa, a bari sai an huta. Maƙwabta ba su tona ba, yawancinsu ba su ma lura tsohon ya bar jikin katanga ba.

Ranar kwana na goma ya ce zai leƙa bariki. Ya dawo da rana, ya same mu a shago, Amarya tana kan keken ɗinki. Ya tsaya daidai inda ta share masa, ya ce, “Na sa hannu. Na ƙara shekara uku.”

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta ce, “Ba haka muka yi da kai ba.”

Ya ce, “Na sani, ki yi haƙuri. Wallahi da niyyar ajiyewa na zo. Amma kin ga mutanen nan? A can, idan dare ya yi tsawo, littafin nan nake buɗewa. Mutanen da suka hana kansu suka aiko mini, sai in dawo in zauna ina ɗinkin takalmi? Da wane ido zan kalle su?”

Da ya fita na ce mata ta faɗa masa gaskiya. Ta ce, “Me zai gyara, Yaya? Takardar soja ba a goge ta. A bar shi ya tafi da zuciyarsa a cike.” Ta ci gaba da ɗinki, layin ya karkace, ta farke, ta sake.

Kwana biyu bayan haka ya fita da safe bai ce inda za shi ba. Ya nemo gidan ’yar Baba da kansa. Wajen la’asar ya dawo, ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba. Ya buɗe littafin ya ajiye a gabana.

“Yaya, wanda ya rasu wata bakwai, ta yaya ya aiko mini man takalmi wata uku da suka wuce?”

Amarya ce ta tashi ta ɗauko gwangwanin daga bayan keke ta juye a gabansa. Ya riƙa ɗaukar ’yan takardun ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya san hannuna, ni na koya masa rubutu, abin da ya hana shi ganewa tun farko shi ne bai taɓa neman ganewa ba.

“Duka?”

Na ce, “Ban da burushi.”

“Su kuma da na je na sara musu, sun sani?”

“Sun sani.”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Na tsaya a ƙofar mutum goma sha tara kamar wawa, kina gefena kina kallo. Ku biyun nan ku kaɗai nake da su, ku ma kuka bar ni na je na sa hannu.” Amarya ta buɗe baki za ta ce don shi ta yi, ya ɗaga mata hannu. Ya ce, “Shekara uku na bayar. Wa zan ce ya dawo mini da su?”

Ni ma na sha tambayar kaina wa ya ci amanar wa. Na fi son in ce maƙwabta ne, kuma har gobe ba na amsa gaisuwar mai kanti. Amma rubutun nawa ne.

Ranar komawa muka raka shi tasha da hantsi. Ciyaman ya zo da mutanensa, har da mai ɗaukar hoto. Ya kama hannun Kofur ya girgiza ya ce, “Ka tafi da ƙarfin gwiwa, unguwa tana bayanka kamar kullum.” Ya tsaya yana murmushi, yana jiran abin da kowa ya saba ji daga bakin ƙanena. Kofur ya kalle shi, ya zare hannunsa, ya saɓa jaka. Amarya ta miƙa masa ƙunshin hanya, ya karɓa, ya ce ta kula da kanta. Ya ce mini, “Sai wata rana, Yaya.” Ya shiga mota.

Littafin a kan keken Amarya ya bar shi, burushin kuma ya tafi da shi. Farkon wata ta sake haɗa ƙunshi, sabulu uku da safa, ta rubuta sunanta da hannunta ta liƙa. Yau wata biyar tana aikawa. Yakan kira idan ya samu tudu, ya ce kaya sun iso, ya tambayi lafiyar gida. Tana riƙe wayar a kunne har sai ya kashe, amma bai ce na gode ba tukuna.