Muryar Alhaji da Na Sata

Ni mai gyaran salula ne a kasuwar Diffa. Na bar lise, wato babbar sakandare, ban gama ba, amma hannuna ya san waya fiye da yadda ya san cokali. Manoman tattasai na bakin Komadugu sukan miƙo mini wayoyinsu, su faɗa mini lambar buɗewa da ƙarfi, su tafi harkarsu.

Da sauraren saƙonnin muryarsu na fara, don nishaɗi kawai. Wata rana a wayar wani Alhaji dillalin tattasai na ji ya ce wa manominsa, "Mai amalanke na tafe, ka loda masa buhunan." Na kwafe saƙon. Da kaka ta zagayo na sake tura wa manomin da wani layi, na goge komai, na ɗauki hayar Ba Modu ya kwaso mini kayan. Ba Modu ɗan gudun hijira ne, amalankensa ke ciyar da iyalinsa, kuma bai san komai ba.

Shi aka kama, don fuskarsa aka gani. Ya ce ni na aike shi, na rantse ban san shi ba. Har yau in na tuna rantsuwar nan kunya ke rufe ni.

Akwai wata 'yar sanda a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aikinta bincikar wayoyi da kwamfuta. Aka karɓi wayata aka kai mata. Na raina ta, na ce me mace mai tabarau za ta gani a wayar da na wanke tas? Ta jona wayata da na'urarta, sai ga abin da na goge ya dawo, har da ranar da na kwafi muryar. Ta dube ni ta ce, "Malam, irin hannunka muke nema a ofishin nan muna rasawa. Ga inda ka kai shi."

Aka saki Ba Modu, ni na wuce gidan kaso.

Da na fito, wajensa na fara zuwa. Ya ce, "Yaro, ni na yafe tun tuni. Amma kasuwa ba ta ji ba, har yau ba mai ba ni kaya." Ranar kasuwa na tsaya gaban dillalai na faɗi duk abin da na yi. Wasu suka zage ni, kuma sun yi daidai. Kafin la'asar na ga ana loda wa amalankensa tattasai.

Ƙannena, in Allah ya ba ku basirar waya, kada ku taɓa amanar da ke cikinta. Ku gama karatu, ku shiga jarrabawar 'yan sanda, ku nemi sashen nan na bincike. Ni laifina ya rufe mini wannan ƙofa, ku taku a buɗe take. Akwai irin su Ba Modu da yawa da ba su da mai shaida sai ku.